Iri Da Ƙasa: Abin Da Binciken Helen Blau A Kan Tsoka Ya Koya Mana

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan wata baƙuwar kalma ta kama bakin masu tallar magani a biranenmu, wato "sitem sel". Za ka ga gari a 'yar ƙaramar leda ana sayar da shi da ɗan karen tsada, mai talla yana rantsuwa cewa a cikinsa akwai ƙwayoyin da ke sabunta jiki, su kawar da ciwon suga da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki da raunin tsufa, duk a tashi ɗaya. Ita dai wannan kalma aro ce 'yan talla suka yi daga ɗakunan binciken kimiyya. Don haka ya wajaba a kan ɗalibin kimiyya da malaminsa su san abin da take nufi a wurin masu ita, su kuma san irin doguwar tafiyar da ake yi kafin a ce wani abu ya zama magani.

Domin fito da wannan fili, za mu bi sawun masaniya guda ɗaya, Farfesa Helen Blau ta Jami'ar Stanford da ke Amurka, wadda ta shafe sama da shekara 40 tana nazarin yadda tsoka ke gyara kanta bayan ta samu rauni. Ra'ayin da wannan maƙala ke karewa shi ne cewa babbar shaidar gaskiyar wannan bincike tana cikin yadda masu yin sa suka ɗauki rashin nasara. Sun yi gwaji a jikin mutane a farkon shekarun 1990, suka auna, suka ga bai yi ba, suka faɗa wa duniya cewa bai yi ba, sa'an nan suka koma suna neman dalili. Duk mai sayar da waraka wanda ba zai iya nuna irin wannan tarihi ba, to, bai cancanci a ba shi amanar jiki ko ta aljihu ba.

Yadda tsoka take

Jikin ɗan Adam yana da tsokoki fiye da 600 masu motsa ƙasusuwa, kuma su ne kimanin kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na nauyin baligi. Da su ake tafiya, da su ake tauna, da su ake jan numfashi. Idan aka sa guntun tsoka a ƙarƙashin madubin ƙara girma, za a ga zaruruwa ne jere da juna, kowane zare kaurinsa bai wuce na silin gashi ba.

Kamar yadda ɗalibai suka sani, jiki duka an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, kuma galibinsu kowace tana da cibiya ɗaya wadda ke adana umarnin gado. Zaren tsoka ya sha bamban. Ƙwayoyi masu yawa ne suka narke cikin juna tun ana cikin mahaifa suka zama zare guda, saboda haka zare ɗaya yana iya ɗaukar ɗaruruwan cibiyoyi. Waɗannan cibiyoyi kuwa sun daina rabuwa, ba sa ƙara haihuwar wasu. A nan tambaya ta taso. Ɗan kokawa yakan yagi tsoka ya warke, manomi yakan yi huɗa har jikinsa ya yi tsami, bayan 'yan kwanaki ya koma gona da ƙarfinsa. To, idan zare ba ya haihuwa, daga ina sabon nama ke fitowa?

'Yan rakiyar da aka gano a ƙafar kwaɗo

A shekarar 1961 wani masani mai suna Alexander Mauro, na Cibiyar Rockefeller da ke birnin New York, yana duba tsokar ƙafar kwaɗo da madubi mai aiki da ilektiron, sai ya hangi wasu ƙananan ƙwayoyi maƙale a gefen zare, a tsakanin fatar zaren da wani siririn tantani da ya lulluɓe shi. Ya ba su sunan da ke nufin 'yan rakiya, domin suna manne da zare kamar yadda Zara ba ta nisa da wata. A cikin 'yar maƙalarsa mai shafi 3 ya yi hasashen cewa wataƙila ƙwayoyi ne da ke barci, suna jiran ranar da za a buƙace su.

Hasashen ya tabbata. Waɗannan 'yan rakiya su ne ƙwayoyin tushe na tsoka, wato abin da Turawa ke kira "sitem sel". Ƙwayar tushe tana da siffa biyu: tana iya haihuwar ƙwayoyin da za su zama sabon nama, tana kuma iya haihuwar wata irinta wadda za ta koma ajiya. Misalinta shi ne manomin da ya yi girbi, ya ci wani, ya ware wani a rumbu domin shukar baɗi. Idan tsoka ta samu rauni, sai ƙwayoyin garkuwar jiki su zo su share matacce, 'yan rakiya su farka su yi ta rabuwa, mafi yawan 'ya'yansu su narke cikin juna su gina sabon zare, kaɗan kuma su koma gefe su ci gaba da barci. A jikin baligi ba su da yawa, 'yan kaso kaɗan ne cikin 100 na cibiyoyin da ke tsoka, amma su ne jarin gyara.

Abin lura shi ne tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a rufe wannan babi. A shekarar 2000 ne ɗakin binciken Michael Rudnicki a Kanada ya gano cewa wata ƙwayar gado mai suna Pax7 ita ce alamar gane 'yan rakiya. A 2011 kuma ƙungiyoyin masana guda uku, kowace da nata gwajin, suka kashe ƙwayoyin da ke ɗauke da wannan alama a jikin ɓeraye, sai tsokar ta kasa gyara kanta. Shekara 50 ke nan tsakanin hasashen Mauro da cikakkiyar hujja.

Cutar da ta sa aka yi hanzari

Akwai wata cuta ta gado da ake kira Duchenne, sunan likitan Faransa da ya yi bayaninta a shekarun 1860. Takan kama kusan yaro namiji 1 cikin 3,500 zuwa 5,000, a kowace ƙasa da kowace ƙabila. Yaro yakan fara tafiya, amma wajen shekara 3 zuwa 5 sai a ga yana yawan faɗuwa, hawa matakala yana ba shi wuya, sha-raɓarsa ta yi kauri alhali ba ƙarfi a cikinta. Idan zai tashi daga ƙasa, sai ya dafa gwiwoyinsa da cinyoyinsa, kamar mai hawa jikin kansa. Wajen shekara 12 da yawansu sun daina tafiya, daga baya kuma cutar ta kai ga tsokar numfashi da ta zuciya. Malamin da ya ga waɗannan alamu a jikin ɗalibinsa ya shawarci iyaye su kai shi asibiti. Ba sammu ba ne, ba lalaci ba ne, kuma ba laifin uwa ko uba ba ne. Kulawar likita tana rage saurin cutar, tana kuma ƙara wa yaro shekaru.

A 1986 ƙungiyar Louis Kunkel a birnin Boston ta gano ƙwayar gadon da ke da lahani, a 1987 kuma ta gano furotin ɗin da yaran ba su da shi, aka sa masa suna distirofin. Aikinsa shi ne ƙarfafa fatar zare don kada ta yage yayin da tsoka ke tamkewa da saki. Idan babu shi, zare yana yagewa kullum, 'yan rakiya suna gyara kullum, har gyaran ya gaza, kitse da tabo su maye gurbin nama.

Nan take dabara ta zo wa masana. Tunda ƙwayoyin tsoka suna narkewa cikin juna, me zai hana a ɗebo masu lafiya daga jikin uba ko ɗan'uwa, a yawaita su a faranti a ɗakin bincike, a tsira wa yaro, su kai masa umarnin gadon da ya rasa? A 1989 Terence Partridge na Landan da abokan aikinsa suka gwada haka a jikin ɓerayen da ba su da distirofin, sai ga zaruruwa sun fara yin furotin ɗin. Murna ta cika iyaye da likitoci.

Gwajin da bai yi nasara ba

Helen Blau tana cikin waɗanda suka kai wannan dabara jikin mutane. A 1992 ita da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Nature cewa sun tsira wa wasu yara ƙwayoyin, kuma a jikin wasu daga cikinsu an ga alamar umarnin gado mai lafiya yana aiki. Amma alama daban, ƙarfi daban. A 1995 Jerry Mendell na jihar Ohio ya fitar da sakamakon wani gwaji a kan yara 12. Kowane wata, har tsawon wata 6, ana tsira wa yaro ƙwayoyi miliyan 110 a dantsen hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma a yi masa allurar da ba ƙwaya a ciki. Yaran ba su san wane hannu ne ya samu ba, masu auna ƙarfi ma ba su sani ba. Da aka buɗe lissafi, sai aka tarar hannun da aka yi wa dashe bai fi ɗan'uwansa ƙarfi ba.

Mai karatu ya tsaya a kan wannan tsari na hannu biyu, domin shi ne zuciyar maganarmu. Da a ce an tsira wa yaran ƙwayoyin kawai aka tambayi iyaye, da ba a rasa wanda zai ce ya ga sauƙi ba, domin mai son ɗansa yakan ga abin da zuciyarsa ke fata. Da kuwa an shiga sayar da wannan allura a duniya, iyaye suna sayar da gidaje da gonaki don su biya. Hannun da aka bari don kwatance shi ne ya hana wannan ɓarna. Sakamako ne mai ɗaci, amma an buga shi a babbar mujallar likitoci kowa ya gani.

Komawa ɗakin bincike

Ruwa ba ya tsami banza, don haka masana suka shiga neman dalili. A 1999 ƙungiyar Partridge ta nuna cewa mafi yawan ƙwayoyin da ake tsirawa suna mutuwa cikin 'yan kwanaki, 'yan ƙalilan ne ke rayuwa su yi aiki. A 2005 ƙungiyar ta dasa zare guda ɗaya tare da 'yan rakiyarsa kimanin 7 a tsokar ɓera, sai suka samar da sababbin zaruruwa fiye da 100. Ka ji ikon gwaji: miliyoyi sun gaza, bakwai sun yi aiki. A wannan shekarar dai wasu masana a Faris suka nuna cewa ƙwayoyin da aka ɗebo sababbi sun fi waɗanda suka zauna a faranti iya gyara nesa ba kusa ba. Ashe yawaitawar da ake yi a faranti ita ce ke kashe musu albarka.

Wannan bai zo wa Blau da mamaki sosai ba, saboda wani aiki da ta yi tun 1983. A lokacin ta haɗa ƙwayar tsokar ɓera da ƙwayar mutum wadda ba ta tsoka ba, suka zama ƙwaya ɗaya mai cibiyoyi iri biyu. Sai cibiyar mutum, wadda ba ta taɓa yin aikin tsoka ba, ta fara yin furotin na tsoka. Darasin shi ne, abin da ƙwaya ke yi ya danganta da saƙonnin da ke kewaye da ita. Iri yana da nasa, ƙasa ma tana da nata.

A 2008 ɗakin bincikenta ya amsa tambaya ta farko: shin ƙwaya guda ɗaya tak za ta iya? Sun yi amfani da ɓerayen da aka sanya wa ƙwayar gadon ƙwaron nan mai ƙyalli da dare, ta yadda ƙwayoyinsu ke fitar da ɗan haske wanda wata kyamara ta musamman ke iya ɗauka ta cikin fata. Suka dasa ƙwayar rakiya guda ɗaya a ƙafar wani ɓeran. A kaɗan daga cikin ɓerayen dashen ya kama, ƙwayar ta haifi dubbai, wasu suka zama zare, wasu suka koma ajiya. Hujja ta tabbata ke nan cewa ƙwayar rakiya cikakkiyar ƙwayar tushe ce.

Tambaya ta biyu ita ce, mene ne laifin faranti? Amsar da suka wallafa a mujallar Science a 2010 tana da sauƙin fahimta har ga ɗan aji ɗaya: faranti ya cika tauri. Robar da ake yin farantin bincike da ita ta fi tsoka tauri kusan sau 100,000. Sai suka ƙera wata shimfiɗa mai taushi, wadda yawancinta ruwa ne, kamar kunun da ya huce ya daskare, suka yi ta kashi uku bisa ma'aunin tauri da ake kira kilofaskal: 2 kamar ƙwaƙwalwa, 12 kamar tsoka, 42 kamar guringuntsi. Ƙwayoyin da aka raina a kan mai 12 su ne suka fi riƙe ikonsu na gyara bayan an dasa su. Wato ƙwaya tana jin abin da take kwance a kai. Masanan farko sun ɗauki iri mai kyau suka baza a kan fako.

Tsufa: laifin iri ne ko na ƙasa?

Wannan tambaya ta kai masana ga wata matsala da ta shafi kowane gida, wato raguwar tsoka a jikin tsofaffi. Dattijon da a da yake ɗaukar buhu, yau tashi daga tabarma sai da taimako. A 2005 ɗakin binciken Thomas Rando, wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin Blau, ya ɗinke tsohon ɓera da matashi gefe da gefe har jininsu ya riƙa gudana tare. Sai tsokar tsohon ta fara gyara kanta fiye da da, kuma da nasa 'yan rakiyar. Wannan ya nuna muhalli yana da hannu. A 2014 kuma ƙungiyar Blau ta gano cewa kimanin biyu bisa uku na ƙwayoyin tushen tsokar tsofaffin ɓeraye su kansu sun raunana. Gaskiyar ta kasu biyu ke nan, iri ya tsufa, ƙasa ma ta gaji.

Daga nan ta karkata ga neman saƙon da ke tayar da 'yan rakiya. A 2017 suka nuna cewa wani sinadari mai suna furostagilandin E2, wanda jiki ke fitarwa tare da kumburi bayan rauni, yana daga cikin masu tayar da su, kuma ɓerayen da aka toshe wa shi ba su warke da kyau ba. A 2021 suka gano cewa a tsohuwar tsoka akwai yawaitar wani inzayim mai suna 15-PGDH, wanda aikinsa shi ne rusa wancan sinadari. Da suka ba tsofaffin ɓeraye maganin da ke daƙile inzayim ɗin har wata guda, tsokarsu ta ƙara kauri da ƙarfi. A watan Janairu na 2025 Blau tana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta ƙasa a fannin kimiyya a Amurka.

Sai dai a yi hattara. Duk sakamakon da aka lissafa a wannan sashe na ɓeraye ne, kuma ɓera ba mutum ba ne. Ɓeran da ba shi da distirofin yana yawo abinsa da ɗan rauni kaɗan, alhali yaron da ba shi da shi yana rasa tafiya. Har zuwa 2025 babu wani dashen ƙwayoyin tushen tsoka da hukumomin magani suka amince da shi don cutar Duchenne ko don raunin tsufa.

Masu ja da wannan ra'ayi

Wani zai ce, wannan wane irin bincike ne, shekara 60 da ɗoriya ba magani? Uban da ɗansa ke rasa ƙarfi a gabansa ba shi da shekara 60, ba shi ma da 10. Idan wani ya zo da abin da wataƙila zai taimaka, mene ne laifin gwadawa?

Wannan ƙorafi ne mai nauyi, kuma bai dace a raina mai yin sa ba. Amma amsar ita ce, gwadawa iri biyu ce. Yaran 1995 ma gwadawa aka yi da su, sai dai an yi ta da awo, ƙarƙashin sa idon likitoci, kuma abin da aka koya ya amfani duk yaran da suka zo bayansu. Gwadawar ɗan kasuwa kuwa ba ta da awo, ba ta da kwatance, wanda bai warke ba ba a rubuta sunansa, don haka ko an yi ta shekara 100 ba za a koyi komai ba. Kuma ba gaskiya ba ne cewa ba ta da illa. A 2015, a jihar Florida ta Amurka, an tsira wa wasu tsofaffin mata 3 ƙwayoyin da aka tato daga kitsen jikinsu a idanu biyu, da sunan maganin ƙwayoyin tushe, kowace ta biya dala 5,000. Dukkansu sun yi mummunan asarar gani. Haka nan bayan gwajin ɓerayen da aka ɗinke, wasu suka shiga sayar wa tsofaffi ruwan jinin matasa, har sai da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a 2019 cewa babu hujjar amfaninsa, kuma yana da haɗari. Sauri ya haifi nawa.

Wani kuma zai ce, to, ai duk maganar ƙwayoyin tushe yaudara ce. Wannan ma kuskure ne. Dashen ɓargo dashen ƙwayoyin tushen jini ne, an daɗe ana ceton rayuka da shi, kuma likitan da ya jagoranci aikin, Donnall Thomas, ya samu kyautar Nobel a 1990. A Nijeriya ma an yi irin wannan dashe ga mai ciwon sikila a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. Amma a duba yadda ake yin sa: ana neman mai bayarwa wanda jikinsa ya dace da na majinyaci, ana shirya jikin majinyaci da magunguna masu ƙarfi, ana killace shi makonni. Babu kama ko kaɗan tsakanin wannan da garin leda. Galibin irin wannan gari ma daga tsirrai ake cewa an samo shi, kamar tuffa da inabi. Ƙwayar tsiro ba ta zama tsokar mutum, kuma duk ƙwayar da aka haɗiye ciki narkar da ita yake yi kamar sauran abinci. Idan taurin faranti kaɗai ya isa ya ɓata ƙwayar rakiya mai rai, yaya busasshen gari zai ratsa tumbi ya je ya gina nama?

Abin da ke hannu tun yanzu

Kafin maganin ɗakin bincike ya iso, akwai abin da aka riga aka auna a jikin mutane, kuma ba ya buƙatar kuɗi. A 1990 Maria Fiatarone da abokan aikinta a Boston suka sa tsofaffi 10 masu shekara 86 zuwa 96 motsa ƙafa da ɗaga nauyi na tsawon mako 8. A jikin 9 da suka kammala, ƙarfin ƙafa ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaicin lissafi. Binciken da ya biyo baya ya nuna irin wannan atisaye yana ƙara yawan 'yan rakiya a tsokar tsofaffi. Saboda haka al'adar hana dattijo taɓa komai don girmamawa tana iya zama cutarwa. A bar kaka ta yi 'yan aikace-aikacenta gwargwadon iko, a bar kaka ya taka zuwa majalisarsa, a kuma kula da abincinsu, musamman mai gina jiki irin su wake da gyaɗa da ƙwai da nono da kifi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, akwai tambayoyi uku da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe, ya kuma koya wa mutanen gidansu, duk lokacin da aka zo da tallar sabon magani. Ta farko, a jikin wa aka gwada shi, ɓera ko mutum, kuma mutum nawa? Ta biyu, da me aka kwatanta shi, wato ina hannun da aka bari? Ta uku, ina lissafin waɗanda suka sha ba su warke ba? Masu binciken tsoka suna da amsar duka ukun a rubuce, har da wadda ba ta yi musu daɗi ba. Mai garin leda kuwa shaidarsa ba ta wuce labarin wani da aka ce ya warke.

Muna kira ga malaman kimiyya da su kawo wannan tarbiyya cikin aji, domin ba ta buƙatar na'ura mai tsada. A ɗebo wake daga mudu ɗaya, a shuka ƙwaya 20 a yashi, 20 a ƙasa mai taki, 20 a busasshen laka, a ba su ruwa daidai wa daida. Kafin a shuka, kowane ɗalibi ya rubuta hasashensa. Bayan mako 2 a ƙidaya waɗanda suka tsiro, a auna tsawonsu, a kuma rubuta adadin waɗanda ba su tsiro ba a kan allo, ko da ya saɓa wa abin da aji ya zata. Ɗalibin da ya saba rubuta sakamakon da bai so ba ya kama hanyar da Blau da abokan aikinta suka bi tun daga 1992, kuma da wuya ɗan talla ya raba shi da kuɗin mahaifinsa.